Yadda Manoman Albasa Suka Gyara Mini Shafin Tarbar Baƙi

A farkon shekarar 2025, daidai lokacin da albasar rani ta fara fitowa daga garake, wata ƙungiyar manoman albasa da ke da ofis a nan Tahoua, mambobinta kuma suna warwatse a garuruwan da ke tsakanin Galmi da Madaoua, ta ba ni aikin gina mata shafin intanet. Buƙatarsu a fili take. Albasar Galmi ta yi suna a kasuwannin Abidjan da Accra da sauran biranen bakin teku, amma kafin buhu ya tashi daga hannun manomi ya isa hannun mai saye sai ya ratsa dillalai uku ko huɗu, kowa na cire nasa. Suna so babban mai saye ya same su kai tsaye. Tsarin da muka yi shi ne a saka talla a Facebook, a kuma yaɗa adireshin a WhatsApp, duk wanda ya latsa sai ya faɗo kan shafi guda da aka gina musamman domin tarbarsa. Wannan shafi ne nake kira shafin tarbar baƙi, kuma matsayinsa matsayin zaure ne a gida: a nan baƙo yake tsayawa ya yi sallama, a nan kuma yake yanke shawarar ko zai zauna ko zai juya.

Mako uku na yi ina gininsa a kan kwamfutata, a ɗakin da intanet ɗinsa ba ya yankewa. A can sama na saka bidiyon garka ana ban ruwa, a ƙarƙashinsa hotuna biyar masu sauya juna da kansu, sai jawabin maraba na shugaban ƙungiya da Faransanci, sai tarihin ƙungiyar, sannan a can ƙasa wani fom mai gurabe tara da mai saye zai cike, har da adireshin imel da sunan kamfani. Rubutun na yi shi da launin shunayya mai haske a kan fari domin ya dace da launin albasar. Ranar da na gama, na daɗe ina kallonsa ina jin daɗin kaina.

An kira taron kwamiti, na haska shafin a jikin bango, kowa ya ce masha Allah, aiki ya yi kyau. Gyara biyu kawai aka kawo: a ƙara girman hoton shugaba, a kuma jera sunayen ƴan kwamiti. Na koma gida da tabbacin cewa an gama. Bayan mako biyu da fara talla, na'urar ƙidayar masu ziyara ta nuna mutane suna shigowa, amma saƙo biyu kacal ne suka zo ta fom ɗin, ɗaya daga cikinsu kuma ni na aika da hannuna ranar da nake gwaji. Ƙidayar tana nuna cewa mafi yawansu ba sa daɗewa suke fita, sai dai ba ta da bakin faɗin abin da ya kore su.

Da na zauna na yi tunani, sai na gane cewa laifin tambayar da na yi ne. A ƙasarmu, idan yaro ya kawo aikinsa gaban manya ya ce ya kuka gani, ba wanda zai kunyata shi a bainar jama'a, balle aikin da aka riga aka biya rabin kuɗinsa. Yabon da na samu ladabi ne da kara, kuma da ni ne a wurinsu haka zan yi. Na tuna da wata maƙala da masanin sauƙin amfani da shafuka Jakob Nielsen ya wallafa a shekarar 2000, inda ya nuna cewa idan ka zauna ka kalli mutum biyar suna amfani da shafi, za ka gano kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolinsa. Sai na ɗauki littafin rubutu na raba kowane shafi gida biyu, gefe guda abin da mutum ya faɗa, ɗaya gefen abin da yatsansa ya yi. Na kuma kafa wa kaina sharuɗɗa: a yi gwajin da salular mutumin ba tawa ba, ni zan mayar masa da kuɗin kiredin da ya ƙone, kuma ko zai ɓata ba zan nuna masa hanya ba. Aikin da nake ba kowa iri ɗaya ne, wato ya ɗauka yana Abidjan yana neman buhu ɗari biyu, ya nuna mini yadda zai same su.

Na farko wani dattijo ne ɗan kasuwa da na tarar a wurin lodin albasa a Galmi, yana zaune a kan buhu da rana tsaka, hannunsa riƙe da wata Itel mai tsagaggen gilashi. Bayan gaisuwa na ce, “Alhaji, don Allah wata alfarma nake nema, ku taimaka ku buɗe mini wannan adireshi a salularku.” Ya latsa, fuskar salular ta yi fari fat. Ya jira, ya ɗaga ta sama kamar mai neman rezo, ya sauke, ya amsa sallamar wani direba, ya sake dubawa, har yanzu fari ne sai wani ɗan layi da ke rarrafe a sama. Ina kallon agogo a ɓoye, an haura daƙiƙa arba'in kafin rubutu ya fito. Da ya fito kuma sai ya kare fuskar salular da tafin hannu, ya matso da ita kusa da ido, ya nisanta ta, domin shunayyar nan tawa ta narke a cikin hasken rana. Ana cikin haka saƙo ya shigo cewa megansa sun kusa ƙarewa. Ya miƙo mini salular ya ce, “Ɗana, wannan abu naka cin kuɗi gare shi, kuma har yanzu ban ga mi ake saidawa ba.”

A daren nan na auna nauyin shafin, na tarar ya haura megabait takwas, mafi yawansu na bidiyon ne. Ma'aunin da Google ke bayarwa shi ne babban abin da ke kan shafi ya bayyana cikin daƙiƙa biyu da rabi, ni kuwa na tsayar da dattijo a rana kusan minti guda. Na cire bidiyon gaba ɗaya, na bar hoto guda a maimakon biyar, na matse shi zuwa WebP, wani tsarin hoto marar nauyi, shafin ya sauko ƙasa da rabin megabait. Game da launi kuma, ƙa'idojin WCAG na sauƙaƙa karatu sun nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bango ya kai 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum, nawa bai kai ko uku ba. Na mayar da rubutun kusan baƙi, shunayyar na bar ta a kan maɓalli kaɗai, ita ma na ƙara mata duhu.

Hoton da na bari shi ma bai tsira ba. Wani tsohon manomi daga wajen Madaoua ya kalle shi sau ɗaya ya tura mini salular da bayan hannu ya ce wannan ba albasar Galmi ba ce. Gaskiyarsa ne, daga intanet na ɗauko hoton domin ya fi kyan gani, ban kuma taɓa zaton wani zai lura ba. Ya ce dubi yadda ta yi doguwa, tasu kuwa ɗan faɗi gare ta, ɓawonta ma ba haka yake ba, kuma duk wanda ya shekara yana sayen albasa zai gane, daga nan sai ya ɗauka mu ƴan damfara ne. Washegari shi da kansa ya zaɓo albasa uku, ya raba ɗaya biyu da wuƙa, ya tsaya kusa da cikakken buhu domin a ga girman buhun a jikin mutum, na ɗauki hoton da salulata. Wannan hoto ne ke kan shafin har yau, kuma ya amsa tambayar da ban san ana yi ba, wato wane irin buhu ake nufi, tun da yake buhu suna ya tara.

Batun harshe ya fi ɗaukar mini lokaci. Na rubuta komai da Faransanci bisa zaton cewa shi ne harshen ciniki da waje, na manta cewa da yawa daga cikin masu sarin albasa a Abidjan da Accra Adarawa ne da sauran Hausawa da suka je cin rani suka zauna, kuma da Hausa suke ciniki da mutanen gida. Na fassara shafin, na saka ƙananan tutoci a kusurwa domin zaɓen harshe, amma a cikin mutum shida da na gwada ba wanda ya taɓa su, wani ma ya zaci ado ne. Daga baya na daina wahalar da baƙo da zaɓi, na yi shafin tarba uku daban-daban, na Hausa da na Faransanci da na Ingilishi, kowace talla tana kai mutum kai tsaye ga shafin harshen da aka rubuta ta da shi.

Shafin Hausar ya zo da tasa matsalar. Matar da ke riƙe da littafin kuɗin ƙungiya, wadda ta yi karatun yaƙi da jahilci kuma tana karanta Hausar boko sarai, ta buɗe shi ta ce, “Malam, mene ne waɗannan akwatuna?” Duk inda aka rubuta ƙ ko ɗ ko ɓ ko ƴ, wani ɗan murabba'i ne ya fito a salularta, saboda salon haruffan da na zaɓa ba shi da baƙaƙenmu masu lanƙwasa. Wani matashi ya ba da shawarar a cire lanƙwasar a huta, ai kowa haka yake rubutu a WhatsApp. Hajiyar ta ce to sai a karanta mata layin farko ba lanƙwasa, aka karanta, “Barka da zuwa bakinmu,” wurin ya ɗauki dariya, maganar ta mutu a nan. Na sauya zuwa salon Noto Sans wanda ke ɗauke da dukkan haruffan. Ita ce kuma ta ja hankalina ga abin da ya fi wannan girma, cewa da yawa daga cikin manyan ƴan kasuwar ba sa karanta boko ko kaɗan, da saƙon murya suke gudanar da cinikin miliyoyi. Muka naɗi murya ta daƙiƙa talatin da Hausa, mai faɗin su wane ne, me suke sayarwa, da abin da mutum zai latsa, muka saka ta a sama, ba ta kuma buɗewa sai an taɓa ta domin kada ta ci megan kowa.

Inda aka yi ja-in-ja na gaske shi ne farashi. Duk ɗan kasuwar da na ba salula, abu na farko da yake nema da babban yatsansa shi ne nawa buhu, idan bai gani ba sai ya ajiye. Kwamiti kuwa ya ƙi a rubuta, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce: farashin albasa yana faɗuwa a lokacin girbi, ya tashi idan damina ta kama sai wadda aka adana a rudu, wato rumbun ajiye albasa, ta rage, wani lokaci ma yakan motsa a cikin mako guda, ga kuma dillalai da za su riƙe tsohon farashi su kafa hujja da shi. Zama biyu muka yi a kan wannan. A ƙarshe aka yarda a rubuta farashin tare da ranar da aka sanya shi, a kuma bayyana cewa na wurin lodi ne ba tare da kuɗin mota ba, ni kuma na tsara yadda idan ya kwana bakwai ba a sabunta ba zai ɓace da kansa, a maimakonsa a ga rubutu mai cewa a tambayi farashin yau.

Ko yadda ake rubuta lambar sai da aka gyara mini. A gwaji na saka 15.000 kawai, wani direba ya karanta ya zaro ido ya ce ai wannan tsada ta wuce hankali. Shi a dala ya lissafa, kamar yadda kowa ke lissafi a kasuwa, dala kuwa faran biyar ce, don haka a kansa 75.000 ya gani. Tun daga ranar, a shafin Hausa ana rubuta lambar da alamar CFA a gefenta, a ƙarƙashinta kuma a rubuta da kalmomi, jika goma sha biyar. Wani mai saye da muka gwada da shi ta waya daga Accra ya ƙara da tambayar hanya, domin tun 2023 da aka rufe iyaka da Benin a gadar Gaya, ta inda mota za ta bi da kwanakin da za ta yi sun shiga cikin lissafin kowa. Kwamiti ya ga wannan ba abin rubutawa a shafi ba ne tun da yake yana sauyawa, sai muka saka layi guda mai cewa ƙungiya tana taimakawa wajen samun mota, sauran bayani a baki.

Fom ɗin nan mai gurabe tara bai sami mai kare shi ba ko ɗaya. Cikin waɗanda na gwada, mutum biyu ne suka san suna da imel, ɗayansu ma ya ce yaron da ya buɗe masa salula ne ya san lambar sirrin. Na goge shi, na saka manyan maɓallai biyu, ɗaya na kira, ɗaya na WhatsApp da aka gina da adireshin wa.me da lambar sakatare mai farawa da 227, wanda idan aka latsa yake buɗe hira da saƙo rubutacce, mutum ya aika ko ya naɗi muryarsa. Jagororin Android sun ce wurin latsawa kada ya gaza 48 a tsawo da faɗi bisa ma'auninsu na fuskar salula, ni na ƙara a kan haka bayan na ga yadda yatsan manomi mai kanta yake latsa abu biyu a lokaci guda.

Akwai wurin da na yi kuskuren fahimta, kuma ya dace in faɗe shi. Tun ranar taron farko na ɗauki maganar hoton shugaba a matsayin son a sani, har na ƙudurta cire shi a hankali. Amma a gefen littafina na abin da mutane suka faɗa, tambaya guda ta yi ta maimaituwa: wa ke da wannan, ɗan wane gari ne, wa ya san shi? Mutumin da zai tura kuɗin mota guda ta albasa yana so ya ga fuskar wanda zai kama idan magana ta tashi, kuma idan ya ji sunan gari zai kira wani nasa a can ya bincika. Ashe dattawan sun san abin da suke faɗa, sai dai ba su faɗe shi da harshen masu zanen shafi ba. Na je gidan shugaban bayan la'asar na ce, “Ranka ya daɗe, hotonku zai zauna kusa da maɓallin kira tare da sunanku da garinku, amma ina roƙon a mayar da jawabin wani shafi na ciki, domin baƙo yana gajiya kafin ya kai ga farashi.” Ya yi shiru, ya tambayi ko an goge jawabin ne, na ce yana nan duka, sai ya ce to a sauya hoton da wanda ya ɗauka a gaban ma'ajiyar ƙungiya, domin wancan na ranar biki ne, mai saye zai zaci shi ɗan siyasa ne.

Ba duk shawara na karɓa ba. Da na kai shafin zuwa fadarmu ta hira da dare, kafin a sauke shayi na biyu an ba ni shawarwari sun fi ashirin, wani na son kiɗa, wani na son rubutu mai gudu, wani ya ce kore ya fi shunayya. Na rubuta su duka domin girmama masu su, amma ma'aunina shi ne ko na ga abin ya tsayar da yatsan wani mai saye. Wadda ta fi jan hankali ita ce a saka hanyar biya a kan shafin. Na kai ta gaban ƴan kasuwa, suka ce ba mai biyan kuɗin buhu ɗari biyu ga shafi, sai an yi magana, an turo wakili ya ga kaya, sannan a aika kuɗi ta gidajen aike irin su Nita da Al Izza kamar yadda aka saba. Wani abokina da ke aiki a Yamai ya ce in raba masu ziyara gida biyu in gwada shafi biyu a lokaci guda in ga wanda ya fi, dabara ce mai kyau ga masu dubban baƙi a rana, amma da ɗan adadin da muke samu sai albasar ta ƙare kafin lissafin ya nuna wani abu.

Da sabon shafin ya fara aiki, saƙonni suka fara shigowa, sai matsalar ta tashi daga shafi ta koma kan mutane. Wasu saƙonnin da dare suke zuwa lokacin da salular sakatare ba caji, wasu da Faransanci ko Ingilishi, wani mai saye ya kwana biyu ba amsa har ya sayi kayansa a wani wuri. Aka ɗora wa matasa biyu alhakin amsawa bi da bi, aka kuma rubuta a ƙarƙashin maɓallin cewa ana amsawa daga safe zuwa magariba. Da damina ta yi nisa kaya suka ƙare a ma'ajiya, Hajiya mai littafin kuɗi ce ta kira ni ta ce shafin yana nan yana kiran mutane ga abin da babu, na ƙara wurin da sakatare zai latsa ya bayyana cewa albasar bana ta ƙare, a bar lamba domin ta baɗi.

Kafin wannan, a zagaye na biyu na gwaji, na koma Galmi na nemi Alhajin nan mai tsagaggiyar Itel. Ya gane ni, ya ce ko na sake kawo abin cin megan ne. Ya latsa, kafin ya gyara zama hoton buhu ya fito, ya ce ai ya san wannan tsohon, ɗan wajen Madaoua ne. Ya saurari muryar har ƙarshe, ya sa wani yaro ya karanta masa farashin, ya latsa koren maɓallin, salular sakatare da ke tsaye a bayana ta yi ƙara. Alhaji bai waiwaya ba, ya danna alamar murya ya kai salular bakinsa, ya yi sallama, ya tambayi gida da iyali, sannan ya ce jika goma sha biyar ta yi yawa, nawa za a rage masa idan zai ɗauki ɗari uku.